Baba Ɗahiru da Hular Sunansa

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu a layinmu na Makera, Baba Ɗahiru ya riga ya iso. Turo kekensa yake yi, ba ya hawa, akwatin katako na ɗaure a baya da igiyar roba. Sai ya jingina keken a gindin dogonyaro, ya share wurin da guntuwar tsintsiya, ya shimfiɗa buhun zama, ya kafa ɗan teburinsa mai gajeruwar ƙafa ɗaya, wadda yake tokarewa da murfin kwalba. Daga nan ya shiga fito da kayan aiki, kullum a jeri guda: rabin reza da aka ɗaure a jikin ɗan itace, guntayen roba, gam, tawada shuɗiya, sannan wani ɓallin madubi da bai kai tafin hannu ba. Madubin ne na ƙarshe. Ya hura masa numfashi, ya goge da bakin riga, ya yi bismillah.

A gefensa Mama Talatu ke suyar ƙosai, ’yar Filato ce da ta tsufa a wannan layi tare da shi.

"Ɗan Ɗanja, yau ma kai ka ɗauko motar, ba ita ta ɗauko ka ba?"

"Mun yi sulhu ne, Talatu. Ta goya ni ina saurayi, yanzu lokacin ramawa ne."

"To Allah ya ba ka lada. Ga ƙosanka, kada ka ce ka ƙoshi."

Dukansu sun san dalilin da ya sa ya daina hawa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma hazo ya soma shiga. Ba mai faɗi.

Sana’ar Baba sassaƙa hatimi ce, abin da yawancin mutanen gari ke kira sitam. Yana yanka rubutu a jikin roba da hannu, ya manna a kan ɗan katako, mai shi ya dangwala a tawada ya buga a takarda. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, a juye ake sassaƙa shi. Baƙin da ya kamata ya kalli dama, sai a sa shi ya kalli hagu, sai an buga sannan ya miƙe. Amfanin madubin ke nan: idan ya gama, ya haska aikin a ciki, ya karanta shi yadda mai karatu zai gan shi.

Shagon mahaifiyata yana fuskantar wannan bishiya. Tun ina firamare nake leƙensa ta bayan kantar shagon, har na je jami’a na dawo, abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce gaisuwa ba. Shi ya sa yake kirana Mai Kallo. Yawancin abin da zan faɗa na gani ne daga can, saura kuma daga bakin Mama Talatu na ji.

Ta ce ya zo Kaduna ne lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, lokacin da in an tashi ma’aikata titi kan cika da kekuna har mai ƙafa ya rasa inda zai taka. Kowa na son hatimi a zamanin nan. Ƙungiyar ma’aikata, makarantar Islamiyya, zumuntar mata ta coci, tela, mai gyaran rediyo, duk ta hannunsa sunansu ya bi kafin ya hau takarda. Ta ce akwai ranar da wani mutum ya sauko daga mota da babbar riga, ya ja Baba gefe, yana so a yi masa hatimin wata makaranta da ba tasa ba. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, hatimi rantsuwa ce da ake yi da hannu. Ba na rantsewa a kan abin da ban gani ba." Mutumin ya zage shi tas, ya tafi. Baba ya juyo ya ce wa Talatu ta ƙara masa yaji.

A cikin murfin akwatinsa akwai wata waya da ya zura hatimai a jiki kamar carbi. Waɗannan aikin mutane ne da suka ba shi, ba su dawo karɓa ba. Yawancinsu na shekarun da gari ya rikice ne, lokacin da maƙwabta suka kwashe kaya, wasu suka haye gada, wasu suka gangara Sabon Tasha da Gonin Gora, kowa ya koma inda yake ganin nasa sun fi yawa. Duk ranar Juma’a da safe yana sauke wayar, ya shafa wa kowane ɗan mai don kada robar ta tsage. In an ce masa ya zubar, sai ya ce, "Sunan mutum ne. Wataƙila su dawo."

Wata ta dawo kuwa. Wannan na gani da idona. Wata tsohuwa mai suna Janet ta sauka daga Keke Napep, ta tsaya tana waige-waige kamar mai neman gidan da aka rushe. Baba ya ji muryarta tana tambayar Talatu, bai ma ɗago ba ya ce, "Matar Emma mai walda." Ya zaro hatimin daga waya. Mijin ya rasu da daɗewa, shagon ma babu shi. Ta rasa takardar da za ta buga, sai ta buga a tafin hannunta, ta tsaya tana kallon sunan mijinta da tsohon adireshinsu. Da za ta tafi, a dunƙule ta riƙe hannun, kamar mai tsoron iska ta ɗauke.

Kai ne, Baba, ka riƙe wa mutane sunayensu lokacin da su kansu ba su da inda za su ajiye. Mai rubutu a juye, mai magana a miƙe.

Daga baya aiki ya ja baya. Na’ura ta zo tana fitar da hatimi kafin mutum ya gama shan ruwa. Katin gayyata ya koma cikin waya, a tura wa jama’a hoto a wuce. Baba kan wuni yana fiƙe rezar da ba abin da za ta yanka. A farkon daminar bana ɗansa Kabiru ya zo ya ce zaman ya isa, bayan Babbar Sallah zai mayar da shi gida Ɗanja. Baba bai yi musu ba. Amma da yamma na ji yana ce wa Talatu, "Ba tafiyar ce ke damuna ba. Rezar nan ce. Duk waɗanda na koya wa sun koma acaɓa da sayar da kati. In na naɗe buhun nan, a duk tsallaken gadar nan ban san wanda zai iya juya baƙi ba."

Abin da bai sani ba shi ne, takarda ta soma dawowa ta wata ƙofa. ’Yan mata sun gaji da gayyatar waya, sun koma son katin da aka yi da hannu, wanda za a taɓa, a ajiye a ƙasan akwati. Wasu suna haɗa kundin hotunan biki, suna liƙa guntun ankon da aka sa da busasshen fure a gefen kowane hoto. A wannan sana’a babu wadda ta kai Vicky suna a wajenmu. Tare muka yi sakandare, tana da ɗan shago a Trikania, kuma in ka shiga sai ka rasa abin da za ka fara taɓawa. Ga takarda mai ruwan ƙasa, ga wata shara-shara da ake hango rubutu ta bayanta, ga mai zanen atamfa, ga tawada ruwan zinariya. Hatimanta ma sababbin yayi ne da take saye ta intanet: roba ce garau kamar ƙanƙara, baƙi ɗai-ɗai, a jera su a kan ɗan gilashi, mutum na hango inda zai buga.

Ita yayata Sumayya ta ba aikin katin bikinta. Katin ya yi kyau har mutane suna jin nauyin riƙe shi da hannun maiko. Sai da ya kai hannun Gwaggo Binta, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba abin da ke wuce ta. Ta sa tabarau, ta karanta a hankali, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Sumayya, wa ya gaya miki sirrin ’yan biki? Ji fa: muna maraba da baki! Wallahi gaskiya kika faɗa, ’yata. Baki ne zai zo, shi da ciki."

Baƙi aka so a rubuta. Amma jerin baƙaƙen Vicky na Turanci ne, babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ. Mu kuma da muka saba da rubutun waya, duk mun karanta katin ba wanda ya ga abin da ya ɓace. Sumayya ta ce ita dangin mijinta malamai ne, ba za ta aika musu da baki ba. Vicky ta bincika duk inda take saye, ba wanda ya taɓa jin labarin baƙi mai ƙugiya. Ni ce na ce, a hankali, na san wani.

Da muka je, Baba ya sa Vicky ta maimaita sunanta.

"Biki?"

"Vicky, Baba."

"Ai shi na ce. Sunanki Biki, sana’arki katin biki. Iyayenki sun hango nesa."

Tun daga ranar Biki ta zama. Ta zube masa kayanta a kan tebur, shi kuwa ya shiga shafa su kamar mai zaɓen yadi. Ya murza takarda mai ruwan ƙasan nan a kusa da kunnensa, ya shinshina.

"Talatu, zo ki ga ikon Allah. Takardar da kike naɗe ƙosai da ita ce ta zama ta ’yan gayu."

"To ka gaya musu ina da ita buhu guda, har da ƙamshi a jiki."

Hatimi mai hasken nan ne ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya ɗaga shi sama, ya kai kusa da idonsa mai gani, ya daɗe yana juyawa. "Wanda ya ƙirƙiro wannan ya yi tunani," in ji shi. "Da na same shi ina yaro, da ban ɓata takardun mutane da yawa ba." Da aka karanta masa katin Sumayya, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Sun cire wa baƙin hula ne. Kawo roba, yanzu za mu sa masa."

Ya zana ƙ ɗin a juye ba tare da ya duba komai ba, hannu ya san hanya. Ya yanke ƙafar, ya yanke hannuwan biyu. Da ya iso kan ƙugiyar, wadda ba ta fi ƙwayar gero ba, sai ya sunkuya har hancinsa na taɓa roba. Rezar ta zame. Ƙugiyar ta faɗi a kan tebur.

Ya ɗauki wata robar. Ta sake faɗuwa.

Man Talatu ne kawai ke ƙara a kasko. Tun da nake kallon wannan teburi ban taɓa ganin ya sake aiki sau biyu ba. Ya ajiye hannuwansa a kan gwiwa, ya kalli titi, inda na tabbata ba abin da yake gani sai inuwar masu wucewa. Can ya juya rezar, ya miƙa wa Vicky ta wajen mariƙi.

"Biki, idonki nawa?"

"Biyu, Baba."

"To ara mini. Ni ina da hannu a ka, ke kina da ido. Zauna."

"Haba Baba, abeg, ni ko fensir ban iya fiƙewa da reza ba."

"Madalla. Ba ki da mugun sabo ke nan."

Ta zauna a kan buhu da dogon siket ɗinta. Na farkon da ta yi, ta zana shi yadda take rubutawa a takarda, ta yanke shi tsaf, tana murna. Baba bai kai shi ido ba, babban yatsansa kawai ya ɗora a kai. "Wannan kanki kika rubuta wa," ya ce. "Buga ki gani." Ta buga, baƙin ya fito ya ba kalmar baya kamar mai fushi. Talatu ta ce wannan baƙon ya ci ya ƙoshi ne, ya kama hanyar gida. Baba ya tura mata madubin. "Abin da ya yi miki daidai a nan, a karkace zai isa wurin mai karatu. Ki riƙa tambayar wannan, ba ya jin kunyar kowa."

Sai da rana ta karkata, yatsanta ɗaya naɗe da tsumma, sannan ƙ ɗin ta tsaya da hularta. Katunan da suka je gidan angon duk da baƙi suka je. Gwaggo Binta ta riƙe nata na farko, ta ce wannan shi ne mai gaskiyar, ba za ta bayar ba.

Na ɗauka shi ke nan. Amma bayan biki sai na ga Vicky ta dawo, ta sake dawowa. Takan rufe shagonta da hantsi ta zo ta zauna a kan buhun. Ta yi ɗ, wadda ta yi ta juye mata tana komawa kamar ɓ. Ta yi manya, ta yi ƙanana. Baba ya koya mata yadda ake kwantar da reza don gindin baƙi ya fi kansa faɗi, kada ya karye in an danna. Ita kuma ta koya masa sunayen takardunta, yana maimaitawa yana lalata su da gangan. Wani lokaci sai ya yi shiru yana sauraren yankanta, ya ce, "Kin yi sauri a kwanar nan," alhali bai duba ba. Sallah kuwa tana ta matsowa, raguna sun soma cika bakin titi. Duk wanda ke wurin ya san da abin da ake tsere.

Wata rana tana cikin aiki ta tambaye shi ina nasa hatimin.

"Wane?"

"Mai sunanka mana."

Ya yi dariya. "Wanzami ba ya aske ƙeyarsa, Biki. Me zan buga wa? Ni dai duk takardar da aka taɓa rubuta sunana a garin nan, ba hula. Dahiru, Dahiru. Har na saba. Tsohuwata ce kawai in ta kira ni nake jin hular ta zauna."

Na ga dai Vicky ta ɗauki guntun roba mai kyau ta jefa a jaka.

Kabiru ya zo da mota bayan Sallah, da safe. An ɗaure keken a sama. Baba ya ce sai ya zauna a gindin bishiyar tukuna, ya jera kayansa kamar kullum, har da hura wa madubi numfashi. Masu shaguna suka fito, mahaifiyata ta kawo masa turare, Talatu ta ƙulle masa ƙosai a takardar ’yan gayu tana ta faɗa da hayaƙin da ta ce shi ke sa mata hawaye. Vicky ce ba ta iso ba. Kabiru ya duba agogo, ya sake dubawa. Baba ya ce a ƙara jira kaɗan.

Sai ga ta a kan acaɓa, ɗankwali a hannu. Ta durƙusa ta miƙa masa abu a naɗe. Hatimi ne, da mariƙin katako da ta goge har yana sheƙi.

Ya rufe ido, ya ɗora babban yatsa a gefen dama, inda sunan ke farawa. Yatsan ya hau baƙin farko, ya tsaya a sama, ya daɗe a wurin. Vicky ta ɗauko madubin, ta miƙa masa.

"Ajiye," ya ce. "Naki ne."

Ta shimfiɗa masa kati mai ruwan ƙasa da ta liƙa wa ganyen wannan dogonyaro a gefe. Ya dangwala a tsohuwar tawadarsa shuɗiya, ya danna, ya ɗan jira yadda yake yi kullum, ya ɗaga. Ya kai katin kusa da idonsa har yana taɓa gira.

Ɗahiru Ɗanja.

"Talatu," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "yau dai na ga hulata. Har biyu."

"To sai ka bi jikokinka kana buga musu a goshi, kada su ɓace a kasuwa," in ji ta, ta juya tana gyara itacen da ba abin da ya same shi.

Ya tura wa Vicky rezar. Sannan ya buɗe murfin akwati ya sauke wayar nan mai hatimai, ya rataya mata a hannu. "Ranar Juma’a ake shafa musu mai. In Lahadi ta fi miki, ba za su yi fushi ba." Da zai shiga mota ya waiwayo wajen shagonmu. "Mai Kallo, an gama kallo. Saura ki faɗa."

Ga shi na faɗa, Baba, iyakar iyawata.

Mun gode. Mun gode da rantsuwar da ka ƙi yi, da sunayen da ka ƙi zubarwa, da ranar da hannunka ya gaza a gaban jama’a amma ba ka ɓoye rezar ba, ka miƙa ta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idon da ya rage, ya sa ka daɗe cikin jikokinka.

Ku kuma ’yan’uwana masu sana’ar kati da kundin hotuna, ku sayi sababbin takardunku, suna da kyau, shi ma ya ce suna da kyau. Amma in kun san wani tsoho a unguwarku da ke zaune da wata sana’a a hannu, ku je ku zauna a kan buhunsa tun bai naɗe ba. Kuma in za ku rubuta sunan mutum, ku sa masa hularsa.

Yanzu duk katin da ya fito daga shagon Vicky, in ka juya bayansa za ka ga ’yar ƙaramar Ɗ da shuɗiyar tawada. Wayar hatiman tana rataye a jikin tagarta, ta wajen titi, inda mai wucewa zai iya tsayawa ya duba. In iyayenka sun taɓa riƙe shago a Makera ko Kakuri ko Nassarawa kafin su tashi, ka biya ta Trikania. Wataƙila sunanku na nan.

Gindin dogonyaron kuwa har yau ba wanda ya kafa tebur. Talatu tana share wurin kowace safiya, ta ce don kada ganye ya faɗa mata a mai ne. Wani lokaci Kabiru kan haɗa mu da Baba a waya. Yakan tambayi Talatu, ya tambayi yatsan Biki, ya tambayi ko an yi ruwa. Sannan ya yi tambayar da muka san ita ta sa ya kira:

"An zo karɓa?"